Yadda Ake Gano Abincin Mutanen Da Daga Tokar Kufai: Jagora ga Ɗaliban Tarihi a Bauchi da Gombe

Tarihin Bauchi da Gombe na ƙarni na 19 cike yake da sunayen maza da ranakun yaƙi. Malam Yakubu ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa birnin Bauchi a 1809. Buba Yero ya kafa masarautar Gombe. A shekarun 1840 wasu malamai suka baro ƙasar Kano suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa, aka yi shekaru ana kai hari ana ramawa. Turawa suka ci Bauchi a 1902, a watan Yulin 1903 kuma Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Burmi. Duk wannan a rubuce yake. Abin da ba a rubuta ba shi ne me matar da ta hau dutse da goyo a baya ta ɗora a murhu da daddare, da kuma ko rumbunta ya kai ta damina.

Amsar tana cikin toka. Ƙwayar hatsin da ta faɗi ƙasa ɗanya, gara da ruwa za su gama da ita cikin shekara ɗaya ko biyu. Amma wadda ta faɗa gefen wuta ta zama gawayi ba ta zama toka ba, ƙwaro ba ya cin ta, ba ta ruɓewa, kuma siffarta na nan ko bayan shekara dubu. Tumun da ya ƙone, ƙanzon gindin tukunya, ƙaiƙayin da aka hura wuta da shi, rumbun da mahara suka cinna wa wuta, duk sun bar shaida. Da irin wannan shaidar aka gane cewa mutanen Nok, waɗanda suka rayu a tsakiyar Najeriya dubban shekaru da suka wuce, sun noma gero da wake, sun kuma ci atili. Kayan aikin farko ba su fi ƙarfin ɗalibi ba. Abin da aikin ke ci shi ne haƙuri da tsari.

Tsayar da tambaya, sannan ka zaɓi wuri

"Me kakanninmu suka ci?" tambaya ce da ta yi faɗi da yawa. Ka matse ta. Mutanen da suka bar gindin dutse suka koma kansa saboda mahara, sun ci gaba da tuwon dawa ko abincinsu ya sake? Cikin ganuwa da rinjin da ke noma wa masu ganuwa, tukunyarsu iri ɗaya ce? Aikin nan kwatance ne daga farko har ƙarshe, don haka kufai guda ba zai ishe ka ba. Kana bukatar shaidar kafin tashin hankali, da ta lokacinsa, da ta bayansa, ko dai a wuri ɗaya da aka daɗe ana zaune, ko a wurare biyu zuwa uku da ke maƙwabtaka.

Ƙasarmu ta yi arzikin irin waɗannan wurare. Akwai Kirfin Sama da kufaifan da ke ƙasansa a kwarin Gongola, akwai tsofaffin mazaunai a duwatsun Ningi, akwai tsaunukan Tula da na Tangale da Waja inda aka jera duwatsu aka yi gonaki hawa-hawa, akwai kogunan dutse na cikin Yankari. Wurin da ya fi daraja a wannan aiki shi ne wanda aka san lokacin da aka zauna a cikinsa da lokacin da aka tashi. Rauta, inda Sarkin Bauchi Ibrahim ya koma da zama kafin magajinsa Usman ya dawo da sarauta birni, misali ce. Burmi ma haka, sai dai a can akwai kaburburan shahidai, kuma inda duk aka ce maka maƙabarta ce ko wurin da jama'a ke girmamawa, ka yi nisa da shi ko da takardar izini a aljihunka.

Izini da gaisuwa

Dokar Najeriya ta hana kowa haƙa wurin tarihi sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Haƙa kuma ba a maimaita ta: ramin da ka ɓata ya ɓaci har abada. Saboda haka kada ka ɗauki cebur kai kaɗai. Ka shiga ƙarƙashin ƙwararren mai haƙar kayan tarihi, irin na sashen da ke koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Jos, kai ka riƙe ɓangaren tsirrai.

Bayan takardar hukuma, sai ta gari. Ka bi ta hannun hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, ka nemi mai gonar da kufan yake ciki, ka faɗa musu gaskiyar abin da kake nema. Mutane da yawa za su zaci zinariya ce ko ma'adini. Ka gayyace su su tsaya su ga abin da ke fitowa daga bokiti, zargin zai mutu da kansa.

Zauna da tsofaffi kafin ka zauna da ƙasa

Wannan mataki ɗalibai kan yi masa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne zai buɗe maka ido a kan abin da za ka gani daga baya. Tsofaffin mata ka fi nema, don su ne suka san murhu. Bayan gaisuwa, kada ka fara da yaƙi ko bauta, magana ce mai ciwo a gidaje da yawa har yau. Ka fara da abinci: "Inna, in hatsi ya ƙare kafin kaka, me kuke dafawa a da?" Daga nan za ka ji tafasa da yaɗiya, da garin ɗorawa, da muruci, da 'ya'yan bado, da tsabar ƙarangiya da ake sussukawa duk da ƙayarta, da yadda aka riƙa tona gidan tururuwa a kwashe hatsin da suka tara. Wasu za su ba ka abin da suka ji daga kakanninsu game da yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ko annobar da ta share shanu a farkon shekarun 1890.

Ka tambayi yadda ake sarrafa kowane abu, mataki-mataki: ina ake sussuka, a gona ko a tsakar gida? Da zangarniya ake zuba hatsi a rumbu ko da tsaba? Ina ake zubar da toka? Ana girki da kashin shanu? Amsoshin nan su ne za su gaya maka dalilin da ya sa ka sami wani abu a rami, wani kuma ba ka samu ba.

Ɗiban ƙasa

Da rani ake wannan aiki, lokacin da ƙasa ta bushe kuma an kwashe amfanin gona. Yayin da masu haƙa ke sauka daki-daki, kai kana ɗiban ƙasa daga kowane daki, wato kowace shimfiɗar ƙasa, dabam. Juji shi ne sarki, don a nan sharar shekaru take taruwa, ita ce ke nuna abincin yau da gobe. Sai murhu, da daɓen ɗaki, da ramukan ajiya, da gindin rumbu ko rufewa, da cikin tukunyar da aka samu a kife. Kada ka ɗebi inda ka ga baƙi kawai ka bar sauran. In ka yi haka, ka zaɓi amsa kafin ka yi tambaya. Ka ɗebi har inda kake ganin babu komai, don rashin ma shaida ce.

Kowane samfuri ka auna shi da bokiti mai alamar lita. Lita 10 shi ne ƙa'idar da aka saba, in ƙasar ba ta da gawayi sosai a kai 20 ko fiye. Ka goge cokalin haƙa kafin kowane ɗiba. Ka zuba a leda mai kauri ko buhu mai tsabta, ka rubuta sunan wuri, lambar rami, zurfi, yawan lita da kwanan wata a takarda biyu da fensir, ɗaya ciki ɗaya waje. Biro na zuba in ya jiƙe. Buhun da takardarsa ta ɓata ya zama ƙasar banza.

In an ci karo da dutsen niƙa ko tsingaro mai baƙin dafuwa a ciki, ka hana a wanke shi. A naɗe shi da ƙasarsa. A ramukan dutsen niƙa akwai burbushin sitaci da ƙananan ƙwayoyin yashin da tsiro ke ginawa a jikinsa, waɗanda ba sa ruɓewa, a jikin tukunya kuma akwai maiƙon abin da aka dafa. Ta wannan hanya, a binciken da aka wallafa a 2021, aka gano kakin zuma a tukwanen Nok na kimanin shekara 3,500. Ka kuma duba tsingaro da ƙonannen jan bango da kyau: magina kan cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi, wuta ta cinye ƙaiƙayin ta bar hotonsa. A Gajiganna ta ƙasar Borno, irin wannan tambari ne ya nuna ana noman gero sama da shekara 3,000 da suka wuce.

Tace ƙasa da ruwa

Nan ne zuciyar aikin. Duk wanda ya ga mace na rege shinkafa a ƙwarya ya riga ya fahimci dabarar: mai nauyi ya nutse, mara nauyi ya taso. Gawayi ya fi ƙasa sauƙi, don haka ruwa zai raba maka su.

Ka tanadi manyan bokitai biyu ko uku, da ruwa mai yawa, da rariya iri biyu. Ta farko mai ido ƙanana ƙwarai, kashi ɗaya cikin huɗu na milimita. In ba ka sami ta ɗakin gwaji ba, yadi mai laushi da saƙa matsattsiya zai yi, a shimfiɗa shi cikin rariyar kicin. Kada ka yi sakaci da wannan, don ƙwayar acca ba ta wuce milimita ɗaya da wani abu ba, 'ya'yan ciyawa kuma sun fi ta ƙanƙanta. In idon rariyarka ya yi faɗi, za ka zubar da acca da iburu da tamba gaba ɗaya, ka koma gida kana cewa mutanen dutse dawa kawai suka ci. Ta biyu mai idon milimita ɗaya, ko ragar sauro, ta abin da ya nutse ce. Ruwan ma ka tace shi, musamman in daga kogi ko dam ka ɗebo, kuma kada ka yi aiki a gindin bishiya ko kusa da inda ake shiƙa.

Ka cika bokiti da ruwa ya wuce rabi, ka zuba ƙasa kamar lita biyu zuwa uku a hankali. Ka sa hannu ka juya a nitse, kana warware curin ƙasa da yatsu ba tare da murtsukewa ba. In laka ce mai danƙo irin ta fadama, ka bar ta ta jiƙa na wasu sa'o'i tukuna. Bayan ka juya, ka dakata kaɗan yashi ya kwanta. Ka duba fuskar ruwan: za ka ga baƙin ɗigo-ɗigo suna kewayawa tare da saiwoyi farare da kumfa, wasu kuma suna lilo ƙasa da fuskar ruwa kaɗan, ba su taso ba ba su nutse ba. Su ma kana son su. Ka karkata bokitin a hankali ka tsiyaye ruwan ta cikin yadin, ka tsaya kafin laka ta biyo. Ƙara ruwa, juya, tsiyaye. Ka yi ta maimaitawa har ka daina ganin baƙi yana tasowa, sau huɗu ko biyar galibi.

Abin da ya rage a gindi ka juye shi a ragar sauro ka ɗauraye. Kada ka raina shi: ƙwallon ɗinya, magarya, aduwa, kanya da ɓawon goruba sau da yawa nauyinsu kan hana su tasowa, kuma a nan za ka tsinci ƙayar kifi, ƙananan ƙasusuwa, duwatsun ado da kuɗin wuri.

Ka tattara bakin yadin ka ɗaure da zare tare da takardarsa, ka rataye a igiya a inuwa. Rana mai zafi na fasa jiƙaƙƙen gawayi, iskar hunturu kuma na iya kwashe maka aikin mako guda in ka shanya a buɗe. Kada ka matse, kada ka taɓa da yatsa. Sai ya bushe ƙarau ka juye a ƙaramar kwalba ko robar magani mai murfi. Ka wanke bokiti da rariya tas kafin samfuri na gaba.

Tantancewa

Tun kafin ka zauna gaban na'ura, ka haɗa naka kundin kwatance. Ka bi kasuwa da gona da daji ka tara gero, maiwa, dawa iri-iri, acca, tamba, wake, gurjiya, riɗi, 'ya'yan kuɓewa, yakuwa, rama, kuka, kalwa, tsamiya da ciyayin gona, kowanne da sunansa. Ka raba biyu, ka naɗe rabi a takardar alminiyam ka turbuɗa a rairayi mai zafi ko toka har ya yi baƙi. Wuta na kumbura ƙwaya ko ta tsuke ta, sai ka ga ƙonanniyar da idonka za ka gane ta a kufai.

Na'urar ƙara girman abu mai ninki 10 zuwa 40 ta isa, kuma ana samun ta a sashen nazarin tsirrai na jami'o'inmu na Bauchi da Gombe. Ka zuba kaɗan a farantin gilashi, ka riƙa turawa da burushi mai laushi. Hantsaki na farfasa su. Ƙwayar gero za ka gan ta da kai mai faɗi da gindi tsukakke, da gurbin tsiro dogo a gefe guda. Dawa ta fi girma, ta fi zagaye, da ɗan shafewa. Wake yakan rabe biyu. Za ka ga ɓarɓashin da ba shi da siffa, mai ramuka kamar soso: sau da yawa ƙanzo ne ko guntun tuwo, ka ajiye shi dabam. Duk ƙwayar da ba ta ƙone ba ka ɗauke ta a matsayin baƙuwa, tururuwa ko gafiya ce ta shigo da ita. Wadda ba ka gane ba ka ba ta lamba ka ɗauki hotonta, kada ka laƙa mata suna don kunya.

Sanin shekaru

Ana iya auna shekarun ƙwaya guda ta gwajin kabon 14, wani sinadari da ke jikin duk abu mai rai, wanda bayan mutuwar abin rabinsa ke narkewa duk shekara 5,730. Ƙwayar hatsi ta fi gawayin itace dacewa, don ita shekara ɗaya ta rayu, itace kuwa yana iya girme wutar da ta cinye shi da shekara ɗari. Galibi ƙasashen waje ake aikawa, da izinin hukuma, kuma da tsada, don haka ka zaɓi 'yan kaɗan daga dakin da ya fi muhimmanci.

Ga matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Tsakanin wajen 1650 zuwa 1950 gwajin ba ya rarrabewa sosai, saboda yawan kabon 14 a iska ya yi ta hawa da sauka a lokacin. Ƙwayar zamanin Yakubu da ta zamanin Kakalaba suna iya ba da sakamako kusan ɗaya. Dole ka haɗa da wasu shaidu: jerin dakin ƙasa, wane ne a ƙasa wane ne a sama; lofen taba; kwalabe da tangaran na Turai; anini da kobo masu huda, waɗanda sai bayan 1900 suka shigo; da jerin sarakunan garin da tsofaffi suka haddace. Tsirran ma suna taimakawa. Masara, gyaɗa, rogo, barkono da taba duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1500, saboda haka dakin da ka sami totuwar masara a ciki, ko tukunyar da aka yi wa ado da birgima totuwa, ba zai girmi wannan lokaci ba.

Karanta abin da ka samu

Ka ƙirga ta hanya biyu. Ta farko, ƙwaya nawa a kowace lita. Ta biyu, wadda na fi amincewa da ita, a cikin samfura nawa abu ya bayyana. A ce ka ɗebi samfuri 20 daga kufan ƙasa, dawa ta fito a 16, sannan a 20 na kan dutse ta fito a 5 kacal, acca da 'ya'yan itace suka cike gurbin. Wannan magana ce. Amma tulin dawa dubu daga rumbu guda da ya ƙone labarin rana ɗaya yake bayarwa.

Sai ka yi hattara da tarkuna. Gero da maiwa da dauro jinsi ɗaya ne, ƙwayarsu a ƙone ba ta rabuwa cikin sauƙi, don haka ba za ka ce "sun koma gero mai saurin nuna" daga ƙwaya kaɗai ba. Ganye da saiwa ba sa barin gawayin kirki: miyar kuka, rizga, tumuku, gwaza da doya kusan ba za ka gan su a bokiti ba, alhali wataƙila su ne suka riƙe mutanen dutse. Nan dutsen niƙan da ka hana a wanke zai yi maka rana. 'Ya'yan ciyawa kuma ba lallai an ci su ba, suna iya fitowa daga jinkar da ta ƙone, ko kashin dabbobi da aka yi makamashi da shi, ko ciyawar da ta biyo dami daga gona.

Babban tarkon shi ne shiga kufai da yunwa a ranka. Ɗinya da magarya da goruba abin marmari ne ko a shekarar ƙoshi, ganinsu kaɗai ba ya nufin wahala. Alamar matsi ita ce abubuwa da yawa su haɗu a daki ɗaya: hatsi ya ragu, abin da ba a ci sai dole ya yawaita, ana fasa ƙwallo don cin ƙwayar ciki, rumbuna sun ƙanƙance, kayan fatauci sun ɗauke. Binciken Amanda Logan, wata masaniyar haƙar kayan tarihi, a Banda ta ƙasar Ghana ya nuna cewa a lokacin wani dogon fari tsakanin wajen 1400 zuwa 1650 mutanen sun ci gaba da cin geronsu, kasuwanci da sana'a sun riƙe su. Ƙuncin abinci ya zo ne daga baya, da cinikin bayi, da yaƙe-yaƙe irin na mayaƙin nan Samori Ture a ƙarshen ƙarni na 19, da mulkin mallaka. Mu ma a nan kana iya tarar da mutanen kan dutse, da gonakinsu na hawa-hawa da takin dabbobinsu, sun fi na fili cin abinci iri-iri. Kana iya tarar da akasin haka. Ka rubuta abin da tokar ta nuna, ka kuma bayyana a fili wurin da shaidarka ta tsaya.

In ka gama, kada ka ƙarar da samfuranka a gwaji. Ka bar wani kaso na kowanne, da takardunsa da hotuna da littafin aikinka, ka miƙa wa gidan tarihi ko sashen da ya jagorance ka, don mai zuwa da na'urar da ta fi taka ya sake dubawa. A cike ramuka a mayar wa mai gona gonarsa yadda zai iya shuka. Sannan ka rubuta taƙaitaccen rahoto da Hausa, ko da harshen garin in kana iyawa, ka kai kwafi fadar hakimi da makarantar garin, ka kuma koma wurin tsofaffin da suka ba ka labari da hotunan ƙwayoyin a manyan takardu, don wasu daga cikin waɗanda ka sa wa lamba su ne za su gaya maka sunansu.